Noise Gate: yadda za ka saita shi kada ya cinye maka magana

Tun bayan bidiyon da muka gwada ƙananan makirfo masu sauƙin kuɗi, tambayar da ta fi yawa ita ce ta hayaniyar da ke bayan murya. Wani yana Jidda, esin ɗakinsa ba ya hutawa dare da rana. Wani yana Nima a Akra, tagarsa na kallon titi. Wata kuma tana Ingila, ɗaki ɗaya take da firiji, nan ne wurin kwana, nan ne wurin naɗar murya. Kusan dukkansu an ba su shawara guda: sa Noise Gate. Shawarar ba ta da laifi, sai dai da yawa daga cikin muryoyin da aka turo min bayan an sa shi sun fi na asali wahalar saurare. Hayaniyar ta ragu, amma magana ta zama guntu-guntu, kamar ana kiran waya a wurin da sabis ba shi da ƙarfi.

Daga nan zan riƙa kiransa get kawai, don aikinsa bai wuce na get ɗin gida da mai gadi ba. Ka gaya wa mai gadi cewa duk sautin da ƙarfinsa ya kai kaza a buɗe masa, wanda bai kai ba a rufe. Shi ke nan. Bai san murya ba, bai san fanka ba, ƙarfi kawai yake aunawa. Saboda haka lokacin da kake magana ƙofa a buɗe take, kuma ƙarar esi tana shigowa tare da kai, ko ɗigo ba a rage mata ba. Abin da get yake gyarawa shi ne wuraren da ka yi shiru: tsakanin jimla da jimla, lokacin da ka tsaya tunani, lokacin da kake jiran abokin hira ya gama. Dalilin da ya sa hakan yake taimakawa shi ne kunne. Murya mai ƙarfi tana danne ƙaramar hayaniya, ba a cika jin ta ba sai an yi shiru. In hayaniyar ɗakinka ta kai a ji ta ƙarara a ƙarƙashin maganarka, get ba zai fitar da kai ba, kuma gara ka san haka tun yanzu kafin ka ɓata dare kana murɗa maɓallai.

Fara da awo

Ana auna ƙarfin sauti a kwamfuta da desibel, ana rubuta shi dB. Sifili shi ne can sama, wurin da sauti yake fashewa, komai kuma yana ƙasa da shi da alamar ragi. Wato -12 ya fi -40 ƙarfi nesa ba kusa ba. Wannan yana rikita mutane da farko, amma da ka kalli ma'aunin yana hawa da sauka sau biyu za ka saba.

Ni kafin in taɓa get, lambobi uku nake nema. In kunna rikodin, in yi shiru na daƙiƙa 10 ba motsi, in ga inda ma'auni ya tsaya: wannan ita ce hayaniyar ɗaki. Sai in yi magana yadda na saba, in ga inda ƙarfin muryata yake kaiwa. Lamba ta uku ita ce wadda mutane suke mantawa, kuma ita ce mai muhimmanci: mafi raunin abin da na faɗa wanda nake so a ji. Yawanci ƙarshen jimla ne.

A ce hayaniyarka tana -54, ƙarfin muryarka yana kai -12, ƙarshen jimlolinka kuma suna sauka har -36. To tsakanin -54 da -36 kake da fili, desibel 18 ke nan, kuma a cikin wannan filin za ka ja iyaka. Maɓallin iyakar shi ne wanda aka rubuta Threshold a kansa. Ni nakan ajiye shi kusa da hayaniya, ba kusa da murya ba, kamar -47 a wannan misalin. In ɗan ƙarar ɗaki ya kutso sau ɗaya ba wanda zai lura, amma in harafi ya ɓace kowa zai ji.

Masu Audacity, wadda kyauta ce, an sauƙaƙa muku. Ku zaɓi wurin da kuka yi shiru, ku buɗe Noise Gate, a zaɓin farko ku canza daga Gate zuwa Analyze Noise Level. Zai auna ya ba ku shawarar lambar da za ku fara da ita. Mafari ce kawai, kunnenku ne zai ƙarasa.

In ka auna ka ga filin bai kai desibel 10 ba, ka rufe manhajar ka koma wurin makirfo. Matsowa kusa ya fi kowane fulogin aiki: in ka rage nisan bakinka da makirfo zuwa rabi, muryarka tana ƙaruwa da kusan desibel 6, ita kuwa ƙarar firiji tana nan inda take. Daga kamu biyu ka dawo kamu ɗaya, ka samu 6 kyauta. Ka juya bayan makirfo ga abin da ke ƙara, don yawancin waɗanda muke amfani da su ta gaba suke ji. Wannan ne ma ya sa nake yawan cewa mai ɗaki da hayaniya ya nemi irin su Samson Q2U ko Shure SM58, waɗanda ake magana dab da su, maimakon ya ajiye Blue Yeti can gefen tebur ya buɗe masa ƙarfi yana kwasar unguwa gaba ɗaya.

Inda Hausa take shiga matsala

Yawancin lambobin da za ka gani ana rabawa a intanet an gwada su ne da Turanci, wasu ma da ganga da jita. Hausa tana da nata halin, kuma get mai tsauri yana cutar da ita ta hanyoyi uku da na lura da su.

Na farko, Bahaushe yana fara jimla a sama ne ya gangaro. Kafin ya kai ƙarshe murya ta sauka, iska ta ragu. Kuma a can ƙarshen ne muke ajiye ƙananan kalmomi masu ɗauke da nauyi: ne, ce, ba, fa, ko. Ɗauki wannan jimlar, irin wadda nake faɗa a bidiyo kullum: "Ba za ta yi maka aiki ba." Ba ɗin farko gajere ne, ana faɗarsa ƙasa-ƙasa, kafin murya ta gama tashi. Ba ɗin ƙarshe kuma ya zo lokacin da numfashi ya ƙare. In iyaka ta yi sama da yawa, na farko bai isa ya buɗe ƙofa ba, na ƙarshe kuma an rufe kafin ya fito. Abin da mai kallo zai ji shi ne "za ta yi maka aiki". Ka ce kada a sayi waya, get ya ce a saya. Mai wa'azi ko mai bayanin magani ya yi tunanin abin da wannan zai jawo masa.

Na biyu, muna da baƙaƙe masu ƙarfi da yawa, irin na tattara, kakkarya, ƙaƙƙarfa. A tsakiyar irin waɗannan kalmomi baki yana rufewa na ɗan lokaci, sauti ya ɗauke gaba ɗaya, sannan ya dawo. Kunne ba ya jin haka a matsayin shiru, amma get yana gani. In an saita shi ya riƙa rufewa da sauri, sai ya rufe a tsakiyar kalma ya sake buɗewa, hayaniyar baya ta riƙa ƙyaftawa kamar ƙwan fitila mai shirin mutuwa. Wannan ƙyaftawar ta fi hayaniyar da ba ta motsi damun mai saurare, don ƙwaƙwalwa tana saurin mantawa da ƙarar da ta tsaya wuri ɗaya.

Na uku, kalmomin da suke farawa da iska: haka, har, fa, shi, sai. Farkonsu ba shi da ƙarfi, sai wasali ya zo sannan ma'auni ya tashi. Get mai jinkirin buɗewa yana mayar da "haka ne" ya koma "aka ne". Masu naɗar karatun Alƙur'ani su ƙara kula a nan, don wurin tsayawa sau da yawa yana ƙarewa da h mai laushi, kuma ƙarshen madda yana sirancewa a hankali. Ni a karatu ban cika son a sa get ba sam, in kuma dole ne to mai sassauci ƙwarai.

Saboda haka ina da jimlar gwaji da nake karantawa a farkon kowane sabon saiti: "Ba za mu saye shi ba, sai farashinsa ya sauko, haka ne fa." In karanta ta sau uku, na ukun da murya ƙasa kamar na gaji. In get ya bar wannan ta wuce lafiya, sauran magana ba za ta ba shi wahala ba.

Maɓallan lokaci guda uku

Attack shi ne saurin buɗewa, ana ƙirga shi da milisakan, wato kashi ɗaya cikin 1000 na daƙiƙa. Ga murya nakan sa tsakanin 2 da 10. In ya yi ƙasa da haka sosai wani lokaci za ka ji ɗan "ƙas" duk sanda ƙofa ta buɗe, in ya yi sama kuma farkon kalma ya tafi. Wasu fulogin suna iya leƙa gaba, su buɗe kafin sautin ya iso. A ReaGate, wanda yake zuwa da Reaper kuma ana samunsa kyauta cikin ReaPlugs ga masu Windows, sunan wannan maɓallin Pre-open. Ka ba shi milisakan 10 zuwa 20, matsalar "aka ne" ta ƙare. A ganina wannan maɓallin shi kaɗai ya isa dalilin sauke ReaGate.

Hold shi ne jira: bayan murya ta sauka ƙasa da iyaka, har yaushe mai gadi zai tsaya kafin ya fara tura ƙofa. Shi ne maganin tattara da ƙaƙƙarfa, shi ne kuma yake ceton ba ɗin ƙarshe. Ga Hausa ban cika sauka ƙasa da 150 ba, nakan kai 250 in mai maganar dattijo ne mai magana a natse.

Release, wanda Audacity take kira Decay, shi ne tsawon lokacin da ƙofar take ɗauka tana rufuwa. Tsakanin 150 da 300 yana yi min. Abin da ake nema shi ne hayaniya ta janye a hankali yadda ba za a kama lokacin da ta tafi ba. In ka ji kamar ɗakin yana numfashi, "shhh" yana biyo bayan kowace jimla sannan ya ɓace, ya yi tsawo, ka rage.

Akwai na huɗu da ba na lokaci ba, kuma shi ne ya raba aikin da ya yi kyau da wanda aka ji hannu a ciki: yawan ragin da za a yi in ƙofa ta rufe. Audacity tana kiransa Level reduction, wasu suna rubuta Range. Mutane suna kai shi ƙarshe don su samu shiru tsit. Kada ka yi haka. Babu ɗakin da yake shiru tsit a duniya, kuma wanda ya sa hedifon zai ji kamar an zare waya duk sanda ka tsaya. Rage desibel 10 zuwa 15 ya wadatar. Hayaniyar -54 ta koma -66, ba mai jin ta a wayar hannu, amma ɗakin yana nan da ransa. Ga masu karanta littattafan saurare, ACX na kamfanin Audible suna neman hayaniya ta kasance ƙasa da -60, ba su ce a kashe ta gaba ɗaya ba. Ƙarin amfanin ragi kaɗan shi ne ko get ya yi kuskure ya rufe a kan "ne", kalmar za ta yi rauni ne kawai, ba za ta ɓace ba. ReaGate ba shi da wannan maɓallin da sunansa, amma in ka ɗaga Dry zuwa wajen -15 ka samu kusan abu ɗaya.

Me ke gaba, me ke baya

Jerin da ka sa kayan gyara yana da tasiri. Ni da matacin yanke sautin ƙasa nake farawa, wanda ake rubutawa High-Pass Filter, in sa shi a 80 Hz. Muryar namiji ba ta cika sauka ƙasa da wajen 85 ba, ta mace tana sama da haka sosai, don haka abin da ke ƙasa da 80 yawanci gurnanin mota ne, ko girgizar tebur, ko wutar lantarki. Wannan gurnanin yana ɗaga ma'auni ya buɗe get ba gaira ba dalili. Da ka yanke shi sai ka ga filin da ke tsakanin hayaniya da murya ya ƙaru.

Maganar wuta kuma ta danganta da ƙasar da kake. A Gana, Kamaru, Chadi, Sudan da Ingila wutar gida tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kamar Najeriya da Nijar. A Amurka da Saudiyya sau 60 ne. In kana jin wani "mmmm" da ba ya canzawa, a nan yake zaune, tare da 'ya'yansa: 100 da 150 ga masu 50, 120 da 180 ga masu 60. Wannan ba aikin get ba ne, Notch Filter ake sa masa a daidai lambar. Kafin ma ka kai ga haka, zare cajar laftof ka naɗa da batir ka ji, sau da yawa daga nan yake.

Bayan matacin, in hayaniyar mai tsayuwa ce kamar ta esi ko fanka, sai Noise Reduction. Shi wannan daban yake da get: kana nuna masa samfurin shirun nan na daƙiƙa 10, ya koyi kamannin ƙarar, ya rage ta har a ƙarƙashin magana. Amma yana da kuɗin da yake karɓa, in ka matsa masa murya ta koma kamar daga cikin randa. Desibel 6 zuwa 10 ya isa. Sannan get ya biyo baya. Kwamfuresa kuma, mai daidaita ƙarfin murya, sai bayan get. In ka sa shi a gaba zai danne wuraren ƙarfi, a ɗaga komai sama har da hayaniya, filin nan da ka sha wahalar samu ya tsuke.

Masu shirin kai tsaye

A OBS Studio za ka samu get a cikin Filters na makirfo. Iyaka biyu gare shi: ta buɗewa da ta rufewa. Yana zuwa da -26 na buɗewa, -32 na rufewa, buɗewa cikin milisakan 25, jira 200, rufewa 150. Hikimar iyaka biyu ita ce sautin da ke yawo a bakin layi kada ya riƙa buɗewa da rufewa, kuma tazarar 6 ɗin nan mai kyau ce, ka bar ta. Amma -26 ya yi sama ga yawancin waɗanda na saurara, musamman mai magana a hankali don yara suna barci a ɗaki na kusa. Ka sauke su biyun tare gwargwadon awonka, misali -40 da -46, ka rage 25 ɗin zuwa 10 ko ƙasa. Get ɗin OBS rufewa yake yi gaba ɗaya, ba shi da ragi kaɗan. Shi ya sa a can na fi son Expander, wanda yake rage sauti daidai da yadda ya yi rauni maimakon ya datse. In za ka haɗa da Noise Suppression, shi ne a sama, get ko Expander a ƙarƙashinsa.

Wurin da get yake burge ni da gaske shi ne hira da makirfo biyu a tebur ɗaya. Muryar baƙo tana shiga makirfonka a makare kaɗan, taka tana shiga nasa, in an haɗa sai sauti ya yi kamar a cikin kwano. Ka sa wa kowane layi nasa get, wanda ba ya magana layinsa ya sauka da desibel 12, nan take hira ta washe. Sai dai ka saurari wuraren "na'am", "haka ne", "ƙwarai" da muke jefawa yayin da wani ke magana. A hirar Hausa waɗannan ba ado ba ne, in suka ɓace sai a ga kamar mai tambaya ya yi banza da baƙonsa. In get ya cinye su, ka dawo da su da hannu.

Muryar da aka naɗa da waya ko aka turo ta WhatsApp tana da nata ciwon kai. Manhajoji da yawa na waya suna ƙara ƙarfi da kansu duk sanda mutum ya yi shiru, sai hayaniya ta taso daidai wurin da get yake jiran ta sauka. Iyaka ɗaya ba za ta yi wa irin wannan fayil daidai daga farko har ƙarshe ba. In manhajar naɗarka tana da wurin kashe wannan ƙarin ƙarfi na kai-da-kai, kashe shi. In turo maka aka yi, ka yanka shi gida-gida ka saita kowanne daban, ko ka rage wuraren shirun da hannu in bai wuce minti 5 ba.

Hon ɗin mota, kukan yaro, buga ƙofa, waɗannan duk sun fi iyaka ƙarfi, za su wuce abinsu. In sun faɗo a wurin shiru ka yanke, ka liƙa ɗan shirun ɗakin nan da ka naɗa a gurbin. In sun hau kan magana, sake faɗin jimlar ya fi sauri. Amsa-kuwwar ɗaki mai tayil da bango tsirara ma get yana ɗan gutsure wutsiyarta ne kawai, labule mai kauri da darduma sun fi shi.

In ka gama saiti, ka saurara sau biyu: da hedifon, idonka a rufe, kana bin ƙarshen kowace jimla, sannan da lasifikar waya, don a nan yawancin masu kallonka za su ji. A Audacity get yana rubuta kansa a kan sautin ne, saboda haka ka kwafi layin ka yi aiki a kan kwafin, na asali ya zauna a ƙasa a kashe. Duk wurin da ka yi shakkar ko wata "ba" ta tafi, ka kunna na asalin ka gwada su.